Murhun Da Na Yi Wa Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kalli bidiyon bikina a kotu ba. Har yau in na tuna, abinci ba ya shiga.

Ni maƙerin walda ne a Boɗinga. Na ƙera wani murhu mai rami biyu da ba ya cin itace da yawa, na sayar da babur ɗina na yi masa rajista don kada kowa ya kwaikwaya. Sai ga Alhaji Ummaru, mai walda a Shagari, ya shigar da ƙara a soke rajistar, wai duniya ta san murhun tun kafin in kai shi ofis.

Kotu ta ce kowane ɓangare ya miƙa wa ɗaya duk hoto da bidiyon da murhun ya fito a ciki. Lauyana ya ce, "Malam, akwai wurin da anka nuna shi ga jama'a?"

Dole na miƙa masa bidiyon bikina.

Littattafan soyayya ne suka cuce ni. A can jarumi mota yake ba amarya. Ni da ba ni da mota, ranar bikinmu a Dingyaɗi, tun kafin in yi rajistar, na durƙusa gaban amaryata Hadiza na miƙa mata murhu (na ɗaura masa jan ƙyalle, Allah Ya yafe mini). Na raɗa mata yadda iska ke bi ta ƙasa. Na manta maroƙi na tsaye kaina da lasifika, kuma aikinsa ke nan, abin da ango ya faɗa ya maimaita.

Haka muryarsa ta cika kotu: "Jama'a ku jiya! Ango ya ce rami biyu na! Na ƙasa taƙi ɗaya, shi ka jan iska!"

Ga ni a bidiyon ina liƙa masa kuɗi. Ga Alhaji Ummaru a gefe, bakinsa cike da shinkafata, ya tsuguna yana auna murhun da tafin hannu!

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, wanga ai gayyar soɗi ya zo!"

Alhaji ya ce, "Ƙanena, kai kag gayyaci gari."

Aka soke rajistar. Yanzu yana sayar da murhuna a kasuwar Shagari, har da jan ƙyallen.

Na dai koyi darasi. Ko "sannu da aiki" zan ce wa Hadiza, sai na leƙa waje na ga ba maroƙi.