Pak Kudin da Buhun Masoro

"Ni fa harshen Holan a bakina ya yi wayo," in ji Pak Kudin, yana murza gashin baki. "Shekara tara ina aikin jirgin ruwa. Ko mafarki da harshen nake yi."

Kai abokina, ka ji ƙarya da rana tsaka! Jirgin da Kudin ya taɓa hawa ɗaya ne, kwalekwalen tsallaka kogin Melaka, shi ma sai da ya yi amai. Mutum siriri kamar tsinken tsire, gashin bakinsa ya fi shi ƙiba. Amma yana mutuwar son Rokiah, bazawara mai sayar da shinkafar kwakwa. Yayanta Haji Baharom kuwa ya rantse ba zai ba da ita ba sai ga mai ilmi. Shi ya sa gogan naka ya kwashe su ran Lahadi zuwa tsohon gidan wani attajirin Holan a bakin ruwa da aka mayar gidan tarihi, su ga ilmi ido da ido.

Tun a ƙofa ya tare wata Baturiya, ya yi ta kakarin maƙogwaro, wai gaisuwar Holan ce. Matar ta dube shi da tausayi, ta ce da harshenmu na Melaka, "Baba, ƙaya ce ta maƙale maka?"

"'Yar ƙauyensu ce," in ji Kudin. "Ni na birni na iya."

A zaure ya tsaya gaban wani hoto, ya cire hula. "Ga maigidan. Dubi kwarjini, Alhaji! Namijin duniya!"

Tsoho Ah Boon mai gadi ya ce, "Uwar matarsa ce."

Haji Baharom ya yi gyaran murya. Kudin ya ga aure yana sulalewa, sai ya ruga ɗakin ajiya, suka biyo shi. Can ya tarar da wani faffaɗan katako rataye da sarƙoƙi huɗu, an ɗaure shi a ƙasa da turke, ga rubutu a sama.

"Kun ga an rubuta: Mazaunin Manyan Baƙi. Rokiah ƙanwata, dubi yadda manya ke zama."

Ya haye, ya harɗe ƙafa. Turken ya tokare masa cinya.

"Kada ka taɓa wannan!" in ji Ah Boon.

"Kai tsoho, gidan Turawa za ka koya mini?"

Ya fizge turke. Ashe ma'auni ne, ɗaya gefen ga buhun masoro! Buhu ya faɗi ƙasa tim, Kudin ya yi sama fiu, kansa ya daki rufi ƙwal. Ƙurar masoro ta turnuƙe ɗaki. Sarkin ilmi yana lilo yana atishawa, hannu ɗaya a sarƙa, ɗaya yana riƙon zaninsa irin wanda mazan Melaka ke ɗaurawa.

"Alhaji! Atisha! Yayana! A sauke ni!"

"Faɗa da harshen Holan," in ji Haji Baharom, "ko maigidan ya ji."

Ah Boon ya leƙa sandar awo, ya girgiza kai. "Ko rabin buhu bai kai ba."

Rokiah ta share hawayen dariya da gefen mayafi, ta ja hannun yayanta.

"Yaya, mu tafi. Mijin da bai rinjayi buhun masoro ba, ni da me zai rinjaye ni?"