Linzamin Baba da Ƙulli Mai Goyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa inda zai kwanta a kan tebur, nake sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a da masu kawo mana aiki rasuwar linzamin kwamfutar shagonmu, wanda aka fi sani da Mai-Wutsiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, cikinsa a buɗe, bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki. Ya tafi ya bar ni da wata magana mai nauyi game da mahaifina, wanda na raba shi da kujerarsa shekara biyu da suka wuce a kan laifin da na ce hannunsa ne ya yi. Zan zo kanta a inda ya dace. Ko mamaci na roba ne, alherinsa ake fara faɗa.

Marigayin ya shigo shagon nan a aljihun Baba. Baba marubucin allunan shaguna ne, shekara talatin yana hawa tsani da burushi da gwangwanin fenti, har zamani ya kawo injin yanka sitika, mutane suka daina jiran fenti ya bushe. Sa'o'insa suka rataye burushi suka koma gida. Shi kuwa ya je ya sayo kwamfuta yana da shekara hamsin da bakwai, ya ja kujera ya zauna koyo. Makon farko da yatsa uku yake riƙe linzamin, in zai ja layi mai lanƙwasa har ɗaga shi sama yake yi, sannan ya tsaya yana mamakin yadda kibiyar ta ƙi motsi. Ni da Yaya muka yi ta dariya sai da ya kore mu waje. Kafin wata shida mu ne muke tsaye a bayansa muna satar kallo.

Ga masu ta'aziyyar da ba 'yan sana'a ba, dole in yi ɗan bayani, in ba haka ba ba za su san girman wanda aka rasa ba. A manhajar da muke zane da ita ba a shafa layi. Ƙananan ɗigo ake dasawa, mu ƙulli muke ce musu, layin ya bi ta kansu daga wannan zuwa wancan, wuƙar injin kuma ta bi layin ta yanke sitika. Danna ɗaya, ƙulli ɗaya. Gwani shi ne mai ƙarancin ƙulli. Harafin da wani zai kashe wa ƙulli arba'in, Baba da marigayin sukan tayar da shi da goma sha biyu, ya fito da ciki da ƙugu kamar da burushi aka ja shi.

Masifar wannan aiki ita ce ƙulli ya hau kan ƙulli a wuri ɗaya, ido ya ga guda alhali biyu ne. Goyo muke kiransa a shago. Wuƙa in ta iso wurin sai ta yi turus, ta juya a kan kanta, ta yagi sitikar. Gano shi kuma sai mai haƙuri, domin in ka danna, na sama kaɗai kake kamawa, na ƙasa yana kwance abinsa. Sai ka ja ɗan akwati ka kewaye wurin, ka duba ƙasan fuskar kwamfuta ka ga an rubuta biyu. Daga nan ka kama na sama a hankali ka janye shi gefe, na ƙasa ya bayyana, ka zaɓi wanda zai rayu, ka share ɗayan, ka mai da layin mazauninsa. Masu gaggawa sukan tattara su duka su haɗe da maɓalli ɗaya, sai ka ga cikin harafi ya lotse. A shagonmu ba a taɓa yin haka ba, kuma marigayin ne ya ɗauki wannan wahalar.

Mun shaide shi da kyawawan halaye. Bai taɓa neman batir ba. Bai taɓa ɓata ba, domin wutsiyarsa tana ɗaure da kwamfuta, duk inda ya faɗa a jikinta za ka same shi yana lilo. Ya sha shayin da ya zube masa sau biyu, ya kwana a rana ya tashi ya ci gaba. Muryarsa ɗaya ce, ƙit, gajeriya, ba ya ƙara ko kalma a kanta. In an murza 'yar tayar bayansa sai ya ce ƙirrr, ƙasa-ƙasa, don kada ya dami mai waya. Maɓallinsa na hagu ya yi sulɓi yana ƙyalli saboda yatsan Baba, a gefensa kuma akwai ɗigon shuɗin fenti tun ranar da Baba ya gama wani allo ya zauna bai wanke hannu ba.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa.

Shekara uku da suka wuce goyo ya fara bayyana a zanen Baba. Da farko ɗaya ne ko biyu, in cire a ɓoye kafin ya shigo da safe. Sannan ya yawaita. Yaya, wanda shi ke kula da injin, ya fara tsaki. Wani allon kantin magani ya yage sau uku a rana ɗaya, na buɗe fayil ɗin na bi harafi-harafi ina jan akwati, na ƙirga goyo arba'in da ɗaya. Muka yanke hukunci mu biyu, ba likita ba shaida, cewa hannun tsoho ya fara rawa, yana danna sau biyu bai sani ba. Muka yi ta tura wa juna faɗar maganar. Ta faɗo kaina saboda ni ce 'yar gaban goshinsa, wadda yake kira Uwata.

Ban tsaya a faɗa kawai ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na ce ya miƙe hannunsa, na ɗora masa takarda a bayan hannun, muka zuba mata ido mu uku. Takardar ta ɗan motsa. Fanka tana kunne a saman kanmu, babu wanda ya tuna da ita. Baba ya daɗe yana kallon hannun. Sai ya ce, "To, Uwata." Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ɗauraye kofinsa ya kife, ya tafi gida da rana tsaka. Bai ɗauki linzamin ba, ya dai gyara masa zama a kan 'yar shimfiɗarsa.

Na gaji kujerar, na gaji marigayin. Ni da alƙalamin kwamfuta nake zane, irin wanda ake ja a kan ɗan allon lantarki, linzami ba na taɓa shi sai in zan ja akwati ko in zaɓi ƙulli, kuma danna biyu a wurin zaɓe ba ya barin shaida. Wani lokaci ƙullin da nake ja yakan kuɓuce a hanya, in ce ƙura ce, in hure ƙasan linzamin in ci gaba. Goyo ya ɗauke daga shago ɗif. Ni da Yaya muka ɗauki hakan a matsayin hujjar cewa mun yi daidai, har muna faɗa wa mutane Baba yana hutawa.

Ciwon ajalin ya fito fili a watan jiya. Bakin alƙalamina ya karye, ga aikin wani gidan burodi ana jira, sai na zana sunan da marigayin. Yaya ya sa a inji, sitika ta yage. Na buɗe na ja akwati a kan harafin farko, na ga biyu. Na biyun ma biyu. Goyo tara a kalma ɗaya, ni kuma shekarata talatin da huɗu. Na tashi na kashe fanka, na miƙe hannuna na ɗora takarda, ta zauna daram. Sai na ɗauki marigayin na kara a kunne, na danna sau ɗaya tak da duk natsuwar da Allah ya ba ni. Ya ce ƙit-ƙit.

Mako uku ina ajiye shi a aljihun tebur ina cewa gobe, domin na san abin da za a faɗa mini. Ranar Talata na kai shi wurin mai gyara. Ya kwance shi, ya sa madubin ido, ya nuna mini wani ɗan siririn tagulla a ƙarƙashin maɓallin hagu, bai kai yankan farce ba. Ya ce ya gaji ne, in an danna shi sai ya yi tsalle ya sake taɓawa da kansa. Na tambaye shi tun yaushe. Ya kankare tsatsar da bakin allura, ya ce wannan ciwon ya fi shekara uku, sai dai da farko yana zuwa yana tafiya. Ya yi ƙoƙarin ɗaga tagullar ta koma yadda take, ta karye a bakin allurar. Nan marigayin ya cika.

Da la'asar na ɗauki gawar a jaka na tafi gida. Na sami Baba a ƙofar ɗakinsa, rediyo na magana shi ba ya saurare. Na durƙusa na faɗa masa duka, da fankar, da takardar, da abin da mai gyara ya ce, na roƙi gafararsa ina kuka. Ya miƙo hannu in ba shi linzamin. Da na ɗora masa a tafi sai na ga wutsiyar tana kaɗawa. Hannun Baba yanzu yana rawa da gaske. Ko zaman shekara biyu ne ya kawo ta, ko dama tana tafe, ban sani ba, kuma babu wanda zai iya faɗa mini.

Ya sa yatsansa a wurin da ya yi sulɓi, ya danna. Babu ƙit.

"Kada ku zage shi, Uwata," ya ce. "Tsufa ne. Shi ma bai san yana yi ba."

Ya juya shi, ya shafa ɗigon fentin da babban yatsa.

"Shi dai an bar shi ya mutu a bakin aikinsa."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Bayan haka ma tambayata ya yi ko na ci abinci.

Marigayin ya rasu ya bar abokin zamansa allon haruffa, wanda shi ma harafi biyu sun goge a fuskarsa. Ya bar kwamfuta da ramin da wutsiyarsa ke shiga, da injin yanka, da 'yar shimfiɗarsa mai kwarmi a tsakiya. Ya bar Yaya, wanda tun ranar Talata yake share injin da ba shi da datti don kada mu haɗa ido. Ya bar fayil ɗin kantin magani, da goyonsa arba'in da ɗaya. Na buɗe shi jiya na janye na sama ɗaya bayan ɗaya, na ga kowane ƙulli na ƙasa yana zaune daidai inda ya kamata, ko gashi bai kauce ba. Ban share ko guda ba, na mai da su na rufe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a cikin shago. Za a goge shi da auduga, amma ana roƙon kada kowa ya taɓa ɗigon shuɗin fentin. Za a naɗe shi da tsumman da Baba yake goge burushi, a sa shi cikin tsohon gwangwanin burushinsa, a ɗora a kan kanta, sama da kujera. Masu ta'aziyya su zauna a benci. Kujerar na mai da ita tsayin Baba, na ajiye sabon linzami marar wutsiya a gabanta, kuma za a kashe fanka.

Na roƙi Baba ya dawo aiki, ko harafi ɗaya ne a rana. Ya ce zai zo rakiyar gawa, shi zai sa shi a gwangwanin da kansa. Murfin ne ya ce in taya shi rufewa, don yanzu ba ya iya saita shi.