Taswirar Fuskata a Fayil ɗin Gwamnati

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin gwamnati ba, ko da yake, in zan faɗi gaskiya, na sha ƙoƙarin mantawar. A shekarun saba'in ne, na fito daga jami'a da digirina a fannin ilimin ƙasa da ruwa, aka tura ni wani ƙaramin ofishin kula da ruwan sha a Gashuwa. Mu bakwai ne duka-duka, kuma ni kaɗai ne mai digiri. Wannan bai sa na yi girman kai ba. Tsoro ya sa ni, don kullum gani nake yau ne za a gano ban san komai ba.

Ina da wata damuwa kuma da ban faɗa wa kowa ba: ƙurajen fuska. Shekarata ashirin da biyar, amma fuskata ta ƙi yarda cewa na girma. Ga shi an sa mini ranar aure bayan kaka, ana ta maganar za a ɗauko mai hoto daga Nguru. Don haka wata Asabar na hau motar kasuwa na je Nguru a ɓoye na ga wani likita, ya rubuta mini tetirasaikilin, wato kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani. Na zuba su a gwangwanin minti don kada wani ya tambaya. (Ban san wa nake ɓoye wa ba. Ƙurajen dai a fuska suke, kowa yana ganinsu. Amma a lokacin gani nake yin ƙuraje ƙaddara ce, shan magani dominsu kuwa son kyau ne, kuma bai dace da ma'aikacin gwamnati ba.)

Babban aikin ofishinmu shi ne injin da ke zuƙo ruwa daga kogi. Duk bayan damina, ciyawa da yashi sukan toshe bakin bututun da ke ƙasan ruwa, sai a kira masunta su yi ta nutso suna ciro abin da hannunsu ya kai. A shekarar sai aka aiko mana da wani Bature injiniya da kayan nutso: tukunyar iska da ake goyawa a baya, gilashin rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Zai koya wa mutum ɗaya, ya bar masa kayan. Shugabanmu, Alhaji Modu, ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka karanta ruwa a littafi. To, je ka gan shi da idonka. In ba ka iya ba, kayan su wuce Nguru, su ma suna so."

Na so abin ƙwarai. Na iya iyo tun ina ƙarami, kuma na gaji da zama mutumin da aka sani da biro kawai. Sai dai ranar farko da Baturen ya zaunar da ni yana bayani, ya ce a can ƙasa nauyin ruwa yana danne jikin mutum, don haka duk mai shan wani magani ya tambayi likita kafin ya shiga. Ya faɗa ne a wuce, yana goge gilashi. Ni kuwa sai gwangwanin mintin da ke aljihuna ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa.

Mutum mai hankali zai sake hawa mota ya je Nguru, ya yi tambayarsa cikin minti biyu, ya sayi kifi busasshe ya dawo. Ni ban yi haka ba. A kwas ɗin da aka yi mana kafin kama aiki, an jaddada mana cewa duk maganar da ta shafi aiki a rubuce ake yinta, kuma ta hannun na gaba da kai take bi. Na yi tunani: nutso aiki ne, maganin ya shafi nutso, ashe ƙurajena sun shafi aiki. Da wannan hujja na zauna na rubuta wa likitan wasiƙa, ta hannun shugaban ofis.

Shafi uku ta ci, kowane sakin layi da lambarsa. Na bayyana lokacin da ƙurajen suka fara, da abin da nake zaton yana tayar da su (mai yiwuwa ƙosai, ko da yake ban tabbatar ba). A sakin layi na bakwai, don kada a ce na ɓoye wani abu, na ambaci auren da mai hoton. Daga nan sai na ga likita yana ganin mutane da yawa, wataƙila ya manta fuskata. Sai na zana masa ita. Da yake taswira aka koya mini, taswira na yi: ɗigo-ɗigo a inda ƙurajen suke, manya da jan biro, ƙanana da baƙi, ɗan akwatin bayani a gefe, har da kibiyar da ke nuna arewa a saitin goshi.

Na miƙa wa babban akawunmu, Mista Udo, wani mutumin kudu da ya shekara ashirin a Gashuwa, yana jin Hausa da Barbarci har da ɗan Badanci, yaren mutanen wurin. Ban sa ta a ambulan ba, saboda wasiƙar aiki ba a rufe ta. Ya karanta a tsaye, ya ɗago ya dube ni, ya sake duba taswirar.

"Malam, wannan sai an buɗe mata fayil."

"Ba za a iya sa ta a nawa ba?"

"Naka na hutu ne da ƙarin girma. Wannan sabuwar magana ce." Ya ɗauko sabon fayil, ya rubuta sunana a bango da manyan baƙaƙe, ya huda takardun ya zura igiya.

Mako uku fayil ɗin yana yawo. Ya je teburin Alhaji Modu, ya rubuta nasa a ƙasa. Ya shiga jakar wasiƙu ya tafi ofishinmu na Nguru, can ma aka rubuta nasu kafin a kai wa likita. Ni kuma ina ta koyon numfashi da tukunya a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ina lura da cewa direban ofis ya fara gaishe ni yana kallon kumatuna na hagu. Na ce a raina wataƙila zargi ne kawai.

Ranar da aka sa za a share bututun, amsa ba ta iso ba sai da hantsi. Na riga na goya tukunya, na sa takalman agwagwa, ina tsaye a bakin kogi. Masunta kusan goma sha biyar suna wurin da kwale-kwalensu, ga masu wanki, ga masu ɗiban ruwa da suka ajiye tulunansu don su ga mutumin da zai yi numfashi a ƙasan kogi. Mista Udo ya sauko daga keke da fayil a hammata, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya duba ya ce likita ya amince, a ci gaba. Na sauke ajiyar zuciya. Na zaci an gama.

Ashe akwai Baba Gaji. Shi ne babban masuntan, kuma shi zai riƙe igiyar da aka ɗaura mini a ƙugu. A wurinsu, wanda ya riƙe igiyar mutum shi ke da alhakinsa har ya fito, kuma ba sa barin marar lafiya ya shiga ruwansu. Da ya ji an ambaci likita, sai ya ajiye igiyar a ƙasa.

"Alhaji, ciwon me yaron nan yake da shi? In farfaɗiya ce a faɗa mini yanzu."

"Ba wani ciwo ba ne, Baba."

"Ba wani ciwo ba ne aka yi masa littafi guda? Ni ban riƙe igiyar da ban san abin da ke ƙarshenta ba."

Alhaji ya dubi Mista Udo. Mista Udo, mutum mai son yin aiki yadda ya kamata, ya buɗe fayil ya fara fassara amsar likita da Hausa, da ƙarfi, don na baya su ji. Likita ya ce shi bai san wata illa da kafson ke yi wa mai nutso ba. Abin da za a kiyaye shi ne rana, don maganin yakan sa fata ta yi saurin ƙonewa, saboda haka kada in daɗe a tuɓe cikin kwale-kwale. In sha shi da ruwa mai yawa, ba da nono ba. In kuwa na ji jiri, ko tashin zuciya, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganina ya dushe, kada in shiga ruwa, in zo ya gan ni. A ƙarshe ya ƙara da cewa yana yi mini fatan alheri a auren, kuma a ganinsa hoton zai yi kyau.

Baba Gaji bai gamsu ba, don har yanzu ba a faɗi sunan ciwon ba. Ya miƙa hannu ya karɓi fayil ɗin. Ba ya karatun boko, amma ya saba ganin taswirorin kogi da muke nuna masa, don haka da ya kai ga zanen sai fuskarsa ta saki, ya ga abin da ya sani. Ya juya takardar ya daidaita kibiyar da arewa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan wane tafki ne? Duk ruwan da ke tsakanin nan da Jakusko na san shi, ban san mai tsibirai da yawa haka ba."

"Fuskar Malam ce, Baba," in ji Mista Udo. "Ƙuraje ne. Jajayen su ne manya."

Baba Gaji ya dubi takardar, ya dube ni. Ya tako har gabana, ya ɗaga ta kusa da kunnena yana gwadawa, kamar mai duba iyakar gona. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani jan ɗigo.

"Wannan na haɓa ya ɓace. Maganin yana ci, ɗana."

Wani ya fassara wa na baya da Badanci, dariyar ta bi gaɓar kogi har ta kai wurin masu wanki. Baturen, da bai ji ko kalma ɗaya ba, yana ta tambayar me ya faru, kuma na ga Alhaji Modu ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na so in gudu, amma mutumin da ya sa takalman agwagwa ba ya iya gudu. Hanya ɗaya ce ta rage mini. Na ja gilashi na rufe fuska, na ciji bakin tiyon iska, na faɗa ruwa.

Tsoron yin nutso da magani a jiki, wanda ya yi mako uku yana hana ni sukuni, ban san inda ya tafi ba. Ruwan ja ne, ba na ganin ko tafin hannuna, kuma ban taɓa jin daɗin wani wuri kamarsa ba. Na laluba na sami bakin bututun, na ciro ciyawa, na kwashe yashi, na sake lalubawa ko na bar wani abu. Da na gama ma ban yi saurin fitowa ba. Sai da Baba Gaji ya ja igiya sau uku.

Kayan ba su tafi Nguru ba. Shekara shida ina share wannan bututu, Baba Gaji yana riƙe mini igiya, bai taɓa yarda wani ya karɓe shi ba. Ranar aurena ya zo da kifi cikin kwando, ya riƙe haɓata a gaban surukaina ya juya ta hagu da dama, ya ce, "Alhamdu lillahi, ruwa ya cinye tsibiran." Surukina ya tambaye ni me tsohon yake nufi, na ce maganar aiki ce.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne ba kowace tambaya ce take son biro ba. Wadda ta shafi jikina, yanzu ƙafa nake ɗauka in je in yi ta da baki, bayan na tabbatar ƙofa a rufe take. (Ko da yake in likita ya gama bayani, nakan roƙe shi ya ɗan rubuta mini a takarda, don ko ta kwana. Sai dai ita a aljihuna take kwana.)