Ɓarawon da Na Gani a Talabijin

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara wa kaina mutanen unguwa ba. Ko da na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau akwai masu tuna mini idan mun haɗu a ƙofar masallaci.

Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa a wata sakandare. Muna zaune a Tudun Wada, ni da maiɗakina Hajara da yaranmu. A shekarar da abin ya faru sace-sace sun yi yawa a layinmu. An fitar da babur ɗin wani maƙwabci daga cikin zaurensa, an kwance batirin sola a gidan da ke kallon namu, kowa ya shiga zaman ɗar-ɗar. Sai na yanke shawarar sa kyamarori: ɗaya a bakin get, ɗaya a tsakar gida, ɗaya kuma a bayan gida inda katangarmu ta yi iyaka da wani siririn lungu. Mai shagon da na saya a wurinsa ya ce zai turo mini wanda zai haɗa su, na ce ya bar shi kawai (a ganina, mutumin da ke koyar da lissafi ba zai tsaya wani ya nuna masa yadda ake jona waya ba).

Da na tsaya a nan, da babu labarin da zan ba ku. Amma kallon kyamara a 'yar fuskar wayar hannu bai gamsar da ni ba. Muna da babban talabijin a falo, irin wanda ke hawa intanet ɗin gida, ga manyan sifiku da na jera masa hagu da dama saboda kallon ƙwallo. Na ɓata kwanaki ina bin bayanai a waya, ina kwancewa ina ɗaurawa, har na haɗa kyamarorin da talabijin. Kana cikin kallon fim ko labarai, ka danna rimot, sai ga bakin get ɗinmu ɓaro-ɓaro, har da sautin kajin maƙwabta. Daga ranar babu baƙon da zai shigo gidana ya fita ban nuna masa wannan fasaha ba. Hajara takan ce na fi gaisawa da rimot fiye da baƙin.

Cikin waɗanda suka sha wannan nuni har da Baba Ishaya, maƙwabcinmu na jikin katanga. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin asibiti, kuma babba a cocinsu. Tun da muka tare a layin shi ne ke shiga tsakani idan an samu saɓani, kowa na jin maganarsa. Ya kalli hoton get ɗin, ya gyaɗa kai, ya ce abu ya yi kyau, Allah ya sa kada a ga abin da ake gudu.

To, ranar Asabar ɗin, 'yan makonni bayan Babbar Sallah, na dawo daga sallar la'asar na miƙe a kan kujera ina kallon ƙwallo. Hajara tana ɗaki tana guga, yara suna wasa a kan kafet. Aka tafi hutun rabin lokaci, sai na ce bari in leƙa gidana kamar yadda na saba. Na danna rimot ba tare da na kula da abin da nake dannawa ba, hoton bayan gida ya fito.

Ƙafar mutum na gani a kan katanga.

Na tashi zaune. Ƙafar ta ƙetaro, ɗayar ta biyo ta, sai ga wani ƙaton mutum ya juya wa kyamara baya, ya rungume katangar yana ƙoƙarin zamowa cikin gidana. Kansa a sunkuye yake, ban ga fuskarsa ba, amma na ga faɗin kafaɗunsa, na kuma ji nishinsa yana fitowa ta sifikun nan kamar a bayan kujerata yake. Abu na farko da na yi shi ne kashe talabijin, wai don kada ya ji mu (kada ku tambaye ni hikimar hakan, ni ma na nema ban samu ba).

Na tattara yara na tura su ɗaki wurin uwarsu, na ce wa Hajara ɓarawo ya shigo ta baya, ta sa sakata, kada ta buɗe wa kowa sai ta ji muryata. Na ga yadda fuskarta ta canza, ta jawo ƙaramin ta rungume. Ni kuma na danna wa ƙofar kicin kwaɗo, na ɗauki taɓarya, na tsaya a bayan ƙofar falo. Ina so in ce na yi niyyar fita in tunkare shi, amma gaskiya ita ce waya na ciro na kira Baba Ishaya, na yi masa raɗa da wata murya da ban san ina da ita ba.

Baba Ishaya ya kira shugaban 'yan sintirin unguwa. Labari ya kai majalisar da ke ƙofar masallaci, inda mutane ba su gama watsewa ba. Kafin in gama karanta addu'o'in da na iya tunawa, layinmu ya cika. Masu gora, masu kulki, wani tela ma da almakashinsa ya fito. Na buɗe get, aka kutsa bayan gida. Babu kowa. Aka duba banɗaki, aka leƙa bayan tankin ruwa, aka ɗaga tsofaffin kwanukan rufi da na jingine. Aka ce lallai ya ji motsi ya koma ta inda ya fito, sai matasa suka zagaya lungu a guje.

Ina tsaye ina ba da labari karo na ba adadi (kowane karo ɓarawon na ƙara girma), sai muka ji hayaniya daga bakin lungu. Sun kama mutum.

Wani magidanci ne, ba saurayi ba, sanye da tsohuwar riga mai tabon fenti, da tsani a kafaɗarsa da jakar kayan aiki. Tsanin nan shi ya ja masa. An riƙe masa wuyan riga, wani ya riga ya kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗi a kwata. Yana ta rantsuwa yana cewa sunansa Garba, mai gyaran wutar lantarki ne daga Tudun Jukun, aiki ya gama a wani gida ya yanko ta lungun don ya rage hanya. Babu mai saurarensa. Na ga wani ya ɗaga gora sama, duk wanda kuwa ya taɓa ganin yadda taro ke yi da wanda aka kira ɓarawo ya san abin da ke biyo baya.

Baba Ishaya ne ya ratsa ya tsaya a gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Babu wanda zai sake taɓa shi. Malam yana da hoto a gidansa. Mu je mu gani, idan shi ne, hukuma tana nan."

Aka juyo gare ni ana tambaya ko shi ne. Na dube shi. Siriri ne, wanda na gani kuwa ƙato ne, amma idanu sun yi mini yawa, sai na ce ban ga fuska ba, a zo a duba.

Haka falona ya cika da mutane, wasu a tsaye, wasu sun leƙo ta taga. Aka zaunar da Malam Garba a ƙasa a tsakiya, leɓensa na jini. Na ƙwanƙwasa wa Hajara ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da mayafinta. Ni kuma na ɗauki rimot, kuma ba zan ɓoye muku ba, duk da tashin hankalin da ake ciki akwai wani ɓangare na zuciyata da ke jin daɗi: yau unguwa za ta ga amfanin abin da na haɗa.

Na kunna. Hoton ya ci gaba daga daidai inda na kashe shi. Ga ƙaton nan manne da katanga, ƙafafunsa na lalube a iska. Nishinsa na tashi ta sifiku. Wani ya ce wannan ai ya ninka mai tsanin nan biyu. Wani ya ce dubi tumbinsa, wannan ɓarawon ba yunwa ce ta sa shi sata ba. Sai muka ji ƙyaaat, wandonsa ya kama wani ƙarfe ya yage tun daga sama, ya faɗo ƙasa tim kamar buhun masara. Aka ɗan yi dariya. Ni ma na yi.

Daga gefen hoton sai ga wani farin rago mai baƙin kunne ya shigo, yana jan igiyarsa. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

Muryar Hajara na ji daga bayana, a hankali, kamar mai magana da kanta: "Baban Sadiq, wannan ragon ai mun cinye shi."

Kafin maganar ta gama shiga kaina, ragon layyarmu ya daki mutumin a baya. Mutumin ya yi wata ƙara, ya juyo da rarrafe ya fuskanci kyamara sosai, ya ɗago kai. Fuskata ce ta cika talabijin, baki buɗe, gumi na zuba, hannu ɗaya riƙe da yagaggen wando.

A lokacin komai ya dawo mini. Ana saura 'yan kwanaki Sallah, Hajara ta tafi kasuwa da yara, na fita sayen katin waya na ja get ya kulle kansa, makulli na ciki. Ga shi cikina ya murɗa irin murɗawar da ba ta jiran kowa. Na duba lungu babu mutum, na taka wani dutse na haura. Wandon kuwa na cusa shi a ƙasan shara, ban gaya wa kowa ba, har na shafe abin daga raina. Kyamarar ce ba ta shafe ba. Tana ajiye duk motsin da ta gani, ni kuma maimakon in danna wurin kallon abin da ke faruwa yanzu, sai na danna wurin tsofaffin hotuna. Kwanan watan ma yana nan rubuce a kusurwar talabijin, ƙanana-ƙanana, tun farko.

Na yi ta danna rimot don in kashe, sai ƙara sauti nake yi. Unguwa gaba ɗaya ta ji ni ina yi wa rago magiya, ina kiransa "bawan Allah", kafin in ruga banɗaki a karkace.

Shugaban 'yan sintiri ne ya fara fashewa, sai falo ya ɗauka. Telan nan ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Na taga suna ba na waje labari, dariyar tana tafiya har bakin titi. Hajara ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ban sani ba ko kuka take ko dariya (daga baya ta ce duka biyun). Ni dai ina tsaye, da rimot a hannu ɗaya da taɓarya a ɗayan, don ashe tun ɗazu ban ajiye ta ba.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a ƙarƙashin kunyar nan wani sanyi ne ke ratsa ni. Babu ɓarawo. Babu wanda ya shigo gidan da 'ya'yana ke ciki. Sannan mutumin da ke zaune a kan kafet ɗina zai koma wurin iyalinsa da ƙafafunsa. Da Baba Ishaya ya makara kaɗan, ko da ya zamana ba ya gida a ranar, da wani labarin nake ba ku yanzu, ko kuma da ba zan iya ba da shi ba sam. Duk lokacin da na tuna goran nan da aka ɗaga, sai in ji yagaggen wando ba komai ba ne.

Baba Ishaya bai yi dariya ba sai da ya gama abin da ke gabansa. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya wanke wa Malam Garba leɓe da hannunsa, ya sa wanda ya yi marin ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Ni ma na durƙusa na roƙe shi gafara, na gaya masa yadda na manta makulli har na haura katanga, na ce duk ni na jawo. Aka ɗauko masa hularsa daga kwata, Hajara ta wanke ta, ta kuma haɗa masa abinci ya ci. Da zai tafi na raka shi har bakin titi, ina ɗauke da jakar kayan aikinsa, ina ta maimaita haƙuri. Ya tsayar da mai Keke Napep ya ɗaura tsaninsa a sama. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Na yafe, Malam. Amma in ka sake mantuwar makulli, ka aiko a kira ni. Katangar nan ta fi ƙarfinka ba tsani."

Shi ne yake yi mana gyaran wuta har yanzu, kuma bai taɓa shigowa gidan bai tambayi lafiyar katanga ba.

Washegari na kira mai shagon nan na ce ya turo mini mutumin da ya ce zai turo tun farko. Ya zo ya raba mini abubuwa yadda ko da ido rufe ba zan sake haɗa jiya da yau ba, ya kuma ƙara girman kwanan watan har ana iya karanta shi daga kicin. Kyamarorin suna nan suna aiki, sai dai na daina nuna wa baƙi. Ɗalibaina kuwa labari ya riga ni isa makaranta ranar Litinin. Na shiga aji na tarar an zana rago a kan allo, na goge na fara darasi.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu idan na ga wani abin tsoro, a talabijin ne ko a waya, nakan fara duba ko na yaushe ne. Kuma kafin in sake tara wa ɓarawo jama'a, zan daure in bari ya juyo tukuna, don in tabbatar ba ni ba ne.