Jan Fentin Tobe

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ranar da na tsaya a ofishin ƙungiyar masu sayar da kayan gyaran mota, na rungume tof silinda, murfin injin mota, a ƙirji, zufa tana bin bayana har cikin wando. Shekara uku ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini ina cin abinci sai na tsame hannu.

Motar ba tawa ba ce, wannan shi ne babban abin. Ta yayana ce, Allah Ya jiƙansa. Da ya rasu ya bar matarsa, Adda Hauwa, da 'ya'ya huɗu a unguwar Manawashi, sai dangi suka ce in riƙa jan ta tsakanin Gombe da Bauchi, kullum in kai wa Adda abin da aka samu. Da shi ake cefane, da shi ake biyan makaranta. Ba su da komai bayan motar nan.

Tsohuwa ce, amma tana zuwa tana dawowa. Laifinta ɗaya, ba ta son hawa. In muka fito daga gari muka kama tudu sai ta hau nishi, direbobin tasharmu su riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna danna hon, wani har ya leƙo ta taga ya ce, "A turo ka ne?" Ni kuwa Allah Ya yi ni da zuciyar banza (tun ina yaro in aka yi mini dariya da safe, to har yamma ina nan ina tafasa).

Ana haka ta fara zafi. Sale bakanike, wanda yake duba ta a garejinsa na Pantami tun yayana na da rai, ya ce gasket ne kawai, abin da ake shimfiɗawa tsakanin inji da murfinsa, a canza shi magana ta ƙare. Amma ni na riga na ji labari a tasha, wai akwai wani tof silinda, wato murfin ƙarfen da ke saman inji, da ake ƙera wa motocin tsere, in ka ɗaura shi mota ba ta ƙara sanin tudu. Na je na zauna gaban Adda na shirya mata zance, na ce tsohon tof ɗin ya mutu murus. Ita ba ta san inji ba, ni ta sani. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kuɗin adashen da ta kwasa, wanda ta ajiye don jarrabawar babbar 'yarta, ta kira ni da sunan da 'ya'yanta suke kirana, ta ce, "Bappa, in dai motar za ta tashi ai kuɗin za su dawo." Na ce mata sati biyu ma ya yi yawa.

Shagon Tobe mai sayar da kayan gyara na nufa. Ibo ne, amma a Gombe aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Ya sauko da tof ɗin ya ce, "Oga direba, in gaya maka gaskiya, wannan ba na kamfani ba ne, wasu ne suke ƙera shi. Wani ya yi kyau, wani ya ba da matsala. Na ba ka sati ɗaya. In ya nuna wani abu ka dawo mini da shi yadda na ba ka, ka karɓi kuɗinka." Sati ɗayan na ji. "Yadda na ba ka" kuwa ta wuce ta saman kaina, don lokacin ina kan waya ina gaya wa wani direba ya shirya ganin ikon Allah.

A gareji Sale ya buɗe kwalin, ya jujjuya tof ɗin, ya taɓe baki, ya tafi sayo gasket. Ni na zauna ina shafa kayana. Sai idona ya faɗa kan wani zane a gefe, da jan fenti: layi a tsaye, wani ya gitta ta sama. Kuros, gicciyen Kiristoci! Na ce lallai mutumin nan, wato a cikin injin marayu zai dasa mini abinsa? Nan take na hango direbobin tasha sun buɗe bonet sun gani, na ji irin sunan da za su laƙaba mini har in mutu. Na tsallaka wurin mai fentin mota na roƙo tina, ruwan da ake goge fenti da shi, na ɗauki tsumman Sale, na yi bisimilla, na dirje zanen nan tas. Har wani daɗi na ji a raina, irin na wanda ya yi aikin lada ba wanda ya gani.

Kwana huɗu na yi ina shan sharafina. Kai, motar nan ta yi gudu! Wanda ya ce a turo ni, sai da na wuce shi a kan tudun, na rage gudu ya kamo ni, na sake wuce shi. Rana ta biyar, mun kusa Alkaleri, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana, injin ya yi wata ƙara, ta mutu a tsakiyar titi da fasinja cike. Da na zaro sandar baƙin mai sai na ga man ya koma kamar koko. Janyo ta aka yi zuwa Gombe. Sale ya kwance ya nuna mini: tof ɗin da ma a tsage yake, an cike tsagar an shafe, ruwa ya zuba cikin inji, injin ya buga. Ya ce in kuɗin tof ɗin suka dawo, a ƙara wani abu a sayi tsohon inji, motar za ta tashi. In ba su dawo ba, sai dai haƙuri.

Ko sallama ban yi wa Tobe ba. Na dire masa ƙarfen a bakin shago ina ihu, macuci, azzalumi, mai cin dukiyar marayu, har mutane suka taru. Ya durƙusa ya juya tof ɗin, ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "Ina alamata? Duk abin da ya fita daga shagon nan sai na sa masa jan fenti. Wannan ba shi da ita."

Wallahi a daidai nan na gane abin da na goge. Mai hankali a nan zai ja shi gefe ya rage murya ya faɗi gaskiya. Ni sai na ƙara murya, na ce sai dai mu je ƙungiya.

Shugaban ƙungiyar wani dattijon Alhaji ne, ya tsufa a sana'ar. Ofishin ya cika, 'yan kasuwa Hausawa da Ibo, har da direbobin tasharmu biyu da na gayyato su taya ni faɗa (ni da kaina na gayyato su, ku ji fa). Alhaji ya ce dokarsu ɗaya ce: kaya da alama a mayar da kuɗi, ba alama ba magana, don mutane suna musanya kaya su kawo ruɓaɓɓe. Ya dube ni ya ce, "Samari, da ka saya akwai alama?"

Na ce, "Wallahi tallahi, Alhaji, babu."

Ya juya wurin Sale, wanda na kawo a matsayin shaidata. Sale ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ni ba zan yi rantsuwa a kan abin da na gani ba. Da na buɗe kwalin akwai jan fenti. Da na dawo daga sayen gasket na tarar da tsummana ya yi ja, yana warin tina."

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "To me ya kai ka gogewa?"

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Na zaci kuros ne."

Tobe ya zaro ɗan gwangwanin fentinsa, ya zana abin a bayan wani kwali, ya ɗaga kowa ya gani. Ya ce, "T ce, Oga direba. Tobe. Sunana ne. Yayanka shekara goma yana sayen kaya a wurina, kowanne da alamar nan yake tafiya da shi." Da dariya aka yi da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Ɗaya daga cikin direbobin da na gayyato ya tashi ya fita a hankali.

Ba a mayar da ko sisi ba. Tobe ya ce da na zo masa da gaskiya tun a shago da ya san yadda zai yi da ni, amma bayan na kira shi ɓarawo a bainar jama'a, doka ta yi aikinta. Ban ga laifinsa ba.

Kafin in isa Manawashi labari ya riga ni. Adda Hauwa tana zaune a tsakar gida, ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu kawai ta ce, "Bappa, kawo makullin." Bayan wata biyu aka sayar da motar a yadda take, kuɗin gangar jiki. Yarinyar ba ta zauna jarrabawa ba a shekarar, kuma har yau in na shiga gidan tana durƙusawa ta gaishe ni, abin da ya fi komai ci mini rai ke nan.

Yanzu kamasho nake yi a tasha, ina kiran fasinja wa motocin mutane. In akwai abin da na koya, shi ne in daina yarda da wannan tsoron Allah nawa ido rufe. Ya iya tashi tsaye a kan ɗigon fenti, amma da aka zo rantsuwa a kan ƙarya a gaban mutum talatin, ko tari bai yi ba.