Rasuwar Gwaggo Mai Lanƙwasa Bututu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ƙasimu mai walda na kan hanyar Gwaram a Birnin Kudu yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar na'urarsa ta lanƙwasa bututun ƙarfe, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Laraba gab da azahar, a bakin aiki. Shekararta goma sha tara a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a hannun mai ita na farko, da ba wanda ya san adadinsu.

Marigayiyar ba ta da kwaɗayi. Ba ta shan fetur, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Ɗan giris a lakace mata ran Juma'a, shi ke nan ta gode. Siffarta kuwa ba ta da wuyar faɗa: faranti mai kwari inda bututu ke kwanciya, ƙusa mai kauri a tsakiya, sai dogon hannu da mutum ke ja da ƙarfinsa. Idan aiki ya yi mata daɗi takan ce "ƙiiii" a hankali, kamar ƙofar ɗakin tsohuwa. Idan an matsa mata sai ta ce "gar-gar", duk wanda ya san ta kuma ya san nufinta a sassauta. Ƙasimu ya fi kowa sanin wannan, shi ya sa abin yake cin sa.

Ta rasu ta bar zuri'a mai yawa. Akwai kujerun wata Islamiyya a Sara guda sittin da biyu, waɗanda yara suka yi iya yinsu suka kasa karyawa. Akwai rumfunan A Daidaita Sahu da ke yawo a garin nan, da gadaje ba adadi, da keken wani gurgu a Basirka wanda duk shekara yake aiko mata da rake, alhali ya san ba ta da haƙora. Ta kuma bar maraya guda ɗaya da bai gama haɗuwa ba, kuma a kansa ne duk wannan tashin hankali yake.

Marayan nan kejin ƙarfe ne, irin wanda ake ginawa a cikin motar tsere domin idan ta kife kada rufinta ya danne direba. Direban kuwa Fa'izu ne, ƙanin Ƙasimu uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun yana ɗan saurayi ba ya ganin sitiyari ya kau da kai. Gobe Asabar da ƙarfe goma samari za su yi tseren motoci a wani fili bayan Farin Dutse. Bara a filin nan wata mota ta yi juyi uku, rufinta ya lotsa kamar gwangwanin madara, direbanta har yau da sanda yake tafiya. Tun daga nan masu shirya wasan suka ce motar da ba ta da keji ba za ta shiga ba. Da Inna Huseina, mahaifiyarsu, ta ga ba za ta iya hana Fa'izu ba, sai ta hau mota daga Gwaram takanas ta zo gareji. Ba ta ko zauna ba.

"Ƙasimu," in ji ta, "ni ban san ƙarfe ba. Kai ka sani. Kan ɗan uwanka na ba ka amana."

Rashin lafiyar marigayiyar ta fara ne ranar da aka sauke bututun kejin daga Kano. Bututu ne mai kaurin jiki, marar ɗinki, ba irin na gado da kujera da ta saba ba. Ƙasimu ya ɗora shi a farantin, ya ga bai kwanta daidai a kwarin ba, ya ga kuma ranar tsere ta matso, sai ya yi kamar bai gani ba. Ya ja hannu, Gwaggo ta ce "gar-gar". A nan ne ya yi abin da kowane mai walda a ƙasar nan yake yi idan ƙarfe ya yi taurin kai, ya zura wani dogon bututu a hannun ya ƙara masa tsawo. Da haka aka yi lanƙwasa biyar, tana kuka ana lallashinta da giris.

Saura ta shida, wato kusurwar babban baka da ke zagaye ta bayan kan direba. Wannan bakan tilas ya zama bututu guda daga ƙasa har ƙasa, ba yanka ba haɗi, don shi ne zai ɗauki nauyin mota idan ta koma ƙafafu sama. Ranar Laraba Ƙasimu ya rataya a hannun shi kaɗai, ko gezau. Ya kira Sanda mai faci, suka rataya su biyu. Aka ƙara tsawo, aka kira Ismail mai shayi, wanda Allah ya hore wa jiki, ya ajiye buta ya zo. Mutum uku a kan tsohuwa guda, ana "ja! ja!" kamar ana fitar da saniya daga rijiya. Ta ce "gar-gar" sau biyu. Ba wanda ya saurare ta. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas!"

Ƙusar tsakiya ta rabe biyu, farantin ya tsage daga baki har gindi, Ismail ya tsinci kansa zaune a cikin kwandon gawayi. Bututun da ke bakinta ya fito a matse, kusurwar ta tattare kamar gwiwar wando. Ƙasimu ya durƙusa yana shafa tsagar da ɗan yatsa. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, domin dogon bututu ɗaya tak ya rage a gareji.

Ba a ko share wurin ba aka fara zancen magajiya, kamar yadda aka saba a gidan rasuwa. Sanda ya ce a koma dabarar iyaye, a ɗura wa bututun yashi, a toshe bakinsa, a gasa shi ya yi ja a lanƙwasa. Ƙasimu ya ce hakan na yi wa ƙafar gado, amma ƙarfen da ya sha wuta irin wannan ba ya sake riƙe ƙarfinsa na da. Aka buga waya Kano. Akwai wata na'ura mai aiki da jak irin na ɗaga mota a wurin wani dillali, yau ma za a iya loda ta, sai dai turawa take yi daga tsakiya, tana matse bututu kamar yadda aka gani yanzu. Wadda ta dace ita ce mai jan bututu a jikin faranti wanda kwarinsa ya yi daidai da kaurinsa cif, kuma farantin sai an sassaƙa shi. Mai sassaƙar ya ce kwana tara, ko uwarsa ce ta aiko.

Fa'izu ya ji wannan ya ja yayansa gefe.

"Yaya, ka yanka kawai ka haɗa da gwiwa ka yi walda. A goge, a shafa fenti. Wallahi ba mai ganewa."

"Masu dubawa ba za su gane ba," in ji Ƙasimu. "Ƙasa za ta gane, ranar da ka kife."

"Waldarka fa ta taɓa ɓallewa? Shekara guda ina tara motar nan. Duk Gwaram an san zan fito. So kake a ce na ji tsoro?"

Ƙasimu ya juya ga bututun da ya rage. Gaskiya ne waldarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba, kuma minti arba'in ya ishe shi ya yi abin da ake roƙonsa. Har ya ɗauki alli ya ja layi a inda zai yanka. Ya tsaya yana kallon layin, yana auna tazararsa da inda ƙeyar Fa'izu za ta kasance. Bai kai taƙi ɗaya ba. Fa'izu ya ɗauki layin allin nan a matsayin yarda, ya ce ran Asabar da sassafe zai fitar da mota, da baka ko ba baka. Jiya Alhamis da hantsi ya hau babur ya tafi sayo fenti.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa an riga an kai marigayiya makwancinta. Kafin mai sayo fenti ya dawo, Ƙasimu da Sanda da Ismail, su ukun da suka yi ajalinta, sun ɗauke ta sun gicciya ta a bakin ƙofar garejin, ƙofa ɗaya tilo, motar Fa'izu na ciki. Ƙasimu ya yi mata walda da ginshiƙan ƙofar dama da hagu, layi uku-uku, irin waldar da aka ce ba ta taɓa ɓallewa ba. A nan za ta kwanta har kwana tara su cika.

Ba za a yi mata salla ba, tunda ƙarfe ce. Za a yi zaman karɓar gaisuwa gobe Asabar daga ƙarfe goma na safe a ƙofar garejin. Mai zuwa ya taho da tabarmarsa, kuma ana roƙon kada kowa ya ara wa kowa injin yankan ƙarfe a 'yan kwanakin nan. Fa'izu ya yi rantsuwa ba zai sake taka garejin ba, bai kuma amsa gaisuwar yayansa a masallacin Juma'a ba. Abin ya yi wa Ƙasimu zafi ƙwarai, bai ɓoye ba. Duk da haka gobe zai shimfiɗa tabarma ya zauna. Ya ce tun ranar Laraba ya san akwai ta'aziyyar da za a zo yi masa ran Asabar, shi dai ya zaɓi wadda zai iya amsawa.