Ranar da Na Harbi Sararin Sama a Panda

Ko zan manta da komai a duniya, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanin matata a Panda. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ina da 'yar gona a hanyar Panda wadda birai da ɓarayin masara suka mayar tasu, ni nawa shuka ne kawai. Da abin ya ishe ni sai na ce bindiga zan saya, kuma ta hanyar doka, don ni ma'aikacin gwamnati ne, ba na son abin da zai taɓa min fansho. Da na je tambaya aka zayyano min sharuɗɗa: sai an tabbatar hankalinka ɗaya, ba ka shaye-shaye, ba a taɓa ɗaure ka kan faɗa ba, idonka yana gani garau, sannan ka samo wani babba da zai tsaya maka. Babban nan kuwa a wajena mai unguwarmu ne, dattijo mai sanyin magana da ba ya shaidar abin da bai gani ba.

Daga ranar na zama lauyan kaina. Duk wanda tsautsayi ya haɗa mu mota ɗaya daga Keffi zuwa Abuja sai ya sha lacca. "Dokar banza ce!" in ji ni. "Masu tare hanya wa ya gwada musu ido? Wa ya tsaya musu? Mu mutanen kirki kawai ake wahalarwa." Har direbobi sun gane ni, da na buɗe baki sai su ƙara sautin rediyo.

Abin da ban faɗa a mota ba shi ne, tun ina sakandare nake saka tabarau mai kaurin gindin kwalba. Sai na cire shi na jefa a durowa, na shiga gaya wa mutanen unguwa cewa dama na gayu ne (babu fa wanda ya ce min mai tabarau ba ya samun lasisi, ni na yanke wa kaina hukunci). Matata ta dube ni ta ce, "Baban Sadiƙ, jiya fa durom ɗin ruwa ka yi wa sannu da aiki." Na ce mata mutum ya gaida abin da yake amfana da shi ba laifi ba ne. Ita dai sai ta ɓoye makullin mota.

Da na kai wa mai unguwa buƙatata, sai ya ce, "Bari mu dawo daga ɗaurin auren nan, sai mu yi maganar." Shi ne waliyyin ango, ka ga kenan ranar ce ranar da zan nuna kaina.

Amarya 'yar gidan mafarauta ce. Al'adarsu kuwa, da an shafa fatiha sai a yi ta harba bindigar toka sama don murna. Ba a sa harsashi, albarushi ake durawa a toshe da tsumma, ƙara kawai ake so. An yi ruwa da safe, gari ya yi luf, sama fari fat da gajimare. An kafa rumfunan tamfol a ƙofar gida, manyan baƙi suna ƙarƙashin wata sabuwa fara, mu surukai muna cikin rumfar da ke bayanta.

Ana cikin harbe-harbe sai ango, wanda ya sha jin cika bakina, ya ce wa baban amarya, "Baba, ga yayanmu nan, shi ma gwani ne, lasisi kawai yake jira." Mutumin ya ji daɗi, ya miƙo min tasa bindigar da hannu biyu don girmamawa. Ni da ban taɓa riƙe ko ta roba ba! Amma na tuna mai unguwa yana kallo, sai na miƙe ina gyara babbar riga.

Na san dai ba a harbi cikin rumfa. Na tako gaba, na ɗaga kai, na ga duhun tamfol ɗinmu ya ƙare, fari ya buɗe a samana. Na ce alhamdu lillahi, na fito fili. Makaɗa sun saki ganga, mutane suna ta ɗaga hannu suna ihu, na ɗauka duk kirari ne. Na ɗaga bindiga, na runtse ido ɗaya (kamar ɗayan yana da wani amfani), na ja kunama.

Jama'a, ashe farin nan ba gajimare ba ne. Sabuwar rumfar manyan baƙi ce. Kuma ruwan safe duk ya taru a tsakiyarta ya yi tumbi, daidai kan kujerar mai unguwa.

Ƙarar ta zaunar da ni daɓas a caɓi. Kafin hayaƙi ya washe na ji "shaaa!", sannan salati ya tashi ta ko'ina. Tamfol ya yage, ruwan nan kaf ya sauko wa dattijon nan tun daga hula har takalmi. Liman ya bi ta ƙarƙashin tebur, kwanon goro ya kife, awakin unguwa suka tsinke igiya. Daga cikin gida na jiyo guɗa, don matan sun ɗauka harbin girmamawa ne na musamman.

Na rarrafa ina lalube har na kama ƙafar wani na fara, "Ranka ya daɗe, don Allah a gafarce ni, wallahi..." Sai na ji muryar mai hayar rumfa a kaina: "Oga, no be me, ba ni ba ne. Ga shi can. Ni lissafinmu daban."

Aka juya ni aka saita ni. Mai unguwa yana matse hannun riga, ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce, "Malam, sannu. Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Ya ce, "To madalla. Maganarmu kuwa, zan shaida kana da hankali, zan shaida ba ka shan komai, ko da yake yau sai na yi rantsuwa kafin a yarda. Amma batun ido, ka yi haƙuri, jama'a sun yi yawa a wajen nan." Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Dariyar da aka danne ta fashe, har da surukina, mutumin da ban taɓa jin dariyarsa ba tun da na auri 'yarsa.

Ban sake komawa neman lasisi ba. Har gobe ina nan kan bakana cewa dokar ba ta hana mugu samun bindiga. Amma na koyi abu ɗaya: kafin ka tsaya a bainar jama'a kana zagin doka, ka fara bincikawa ko don irinka aka yi ta.